Ribar da Ba Ta Shiga Aljihu Ba

Hachinohe, 14 ga Yuli

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana nan lafiya, gwiwar nan kuma ta sassauta maka. Yaya gonar tuffa? Na ji ruwan bana ya yi yawa a wajenku. Ina roƙonka ka bar hawa tsani, ka ɗauki ɗan ƙwadago ya yi maka rassan sama.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai, kuma ban san wanda zai gane shi kamar kai ba, da ka yi shekara talatin kana riƙe da littafin kuɗi.

Ka san al'adata ta ranar Litinin. Nakan yanko labarin kasuwanci daga jarida in raba wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare da nake koya wa lissafin kasuwanci, mu auna shi da abin da muka koya. Ba na so su haddace "kadara daidai take da bashi da jari" kamar waƙa, su fita duniya ba su san amfaninta ba. Makon jiya na kawo labarin kamfanin Orikasa, masu ƙera injin ƙanƙara na jiragen kamun kifi. Jarida ta ce cinikinsu ya ƙaru da kashi talatin, ribar bana kuma ba su taɓa samun irinta ba. Da gangan na zaɓe shi don in faranta wa yaran rai, domin shekara ashirin da biyu ke nan kamfanin yana ɗaukar ɗalibai biyu daga makarantarmu. Na haɗa musu da takardar lissafin da kamfanin ya wallafa, ta bana da ta bara.

Akwai wata yarinya, Fujimaki Kanna, wadda ba ta cika magana ba amma lissafi ba ya yi mata gardama. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in sun ci riba haka, ina kuɗin suka shiga?" Aji ya kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Suna gidanku, Kanna, ki duba ƙarƙashin katifa!"

Ni ma na yi dariya, na ɗauki alli don in nuna mata inda suke. Baba, ban same su ba. Kuɗin da kamfanin yake bin masu saye ya ninka har da ɗoriya. Hajar da ke ajiye a sito ta kusa ninkawa. Tsabar kuɗi ta sauko daga yen miliyan ɗari tara zuwa miliyan ɗari biyu, ga bashin banki na biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu da za a biya kafin shekara ta zagayo. Na juyo na gaya musu abin da ka koya mini tun ina firamare: ana rubuta riba ranar da aka sayar da kaya, ba ranar da kuɗi suka shigo ba, albashi kuwa ba a biyansa da rubutu.

Kanna ce makaranta ta tsayar don aikin ofis a Orikasa. Ka san ƙa'ida, kamfani ɗaya tak kowane ɗalibi zai nema, da takardar shaidar makaranta, kuma hatimina ne zai hau tata kafin biyar ga Satumba. Wanda ya yi kuskuren zaɓi, kafin ya waiwayo wurare masu kyau sun cika. Uwarta tana yankan kifi a bakin tashar jiragen ruwa, ita kaɗai ta raine ta, kuma har ta gaya wa maƙwabta.

Mai yiwuwa ba komai ba ne. Kamfanin da ke bunƙasa yakan yi irin wannan kama. Haka nake ta gaya wa kaina.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci.

'Yarka,
Tokiko

Hachinohe, 21 ga Agusta

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan ka huta gajiyar baƙi. Na iso lafiya. Kwana uku na yi a gida, muka wanke kabarin Mama tare, muka sha shayi a baranda, na kasa buɗe baki. A takarda ya fi mini sauƙi.

Ranar ziyarar wurin aiki, Malam Oshikawa, shugaban sashen sama wa ɗalibai aiki, ya kai Kanna Orikasa. Da aka ce ko tana da tambaya, ana jiran ta tambayi lokacin tashi ko rigar aiki, sai ta tambayi manajan kwana nawa masu saye suke yi kafin su biya. Manajan ya yi murmushi ya ce makarantarmu ta fara yaye masu binciken haraji.

Malam Oshikawa ya dawo fuska a murtuke. A gaban dukan malamai ya ce mini, "Malama Narumi, shekara ashirin da biyu ina ban ruwa, kin zo da almakashi da jarida kin sare itacen. Yara arba'in da huɗu na sa a kamfanin nan. Ke nawa kika sa?" Ban sa ko ɗaya ba, Baba. Kuma ba mugun mutum ba ne. Ya san sunan kowannensu, yana zuwa bikin aurensu.

Washegari ni da shi muka sayi kwalin alawar wake, muka je kamfanin ba da haƙuri. Na rusuna har sai da bayana ya ƙage. Da muka fito ta bayan ginin zuwa inda muka ajiye mota, na ga filin ajiya. Injina ne jere, an lulluɓe su da tamfol, na fara ƙirgawa na tsaya a sittin. Ciyawa ta tsiro tsakanin na can ƙarshe, iskar teku ta fara cin ƙafafunsu. A takarda waɗannan duk kadara ce, an rubuta su a kan cikakken kuɗinsu.

Wani dattijo daga ofishin kuɗi ya biyo mu da lemar da na manta. Da yake miƙo mini, ya rage murya ya ce, "Wa ya koya wa yarinyar nan?" Na ce ni ce, a gafarce ni. Ya dube ni ya ce, "Tana da ido." Ya juya ya koma ciki. Tun ranar nake juya maganar. Yabo ne, ko gargaɗi?

In na hana Kanna, kamfanin ya zauna lafiya, na raba ta da albashi mafi tsoka a garin nan, na kuma toshe wa na bayanta ƙofa. In na buga hatimi ya rushe bayan shekara, za ta fito ba aiki, kuma ta rasa damar ɗaukar aiki da ake ba masu gama makaranta, wadda sau ɗaya ake samu. Ko na janye ta a ɓoye, wani yaron ajina za a sa a gurbinta.

Ga tambayar da na kasa yi a baranda. Lokacin da masaƙar da kake aiki ta rufe ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Mama ta ce mana abin ya zo ba zato. Kai ne mai littafin kuɗi. Ba zato ya zo maka? Ka yafe mini in na taɓa inda bai kamata ba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tokiko

Hachinohe, 6 ga Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka da aikin girbi, da fatan bayanka yana jurewa. Kwalin tuffa ya iso, na raba wa maƙwabta, na kai sauran ɗakin malamai.

Wasiƙarka tana cikin jakata tun ranar da ta zo. Layi uku ne, na haddace su: ka gani wata takwas kafin a rufe, ka yi shiru don kada a ce ka ci amanar gidan, kuma a watan Afrilun shekarar an ɗauki yara huɗu sababbi, kai ka rubuta musu albashin farko. Ban taɓa sanin kana ɗauke da wannan ba. Ban ga laifinka ba, Baba. Na gode da ka faɗa mini.

A taron malamai na ƙarshen Agusta na miƙe. Na raba takardun lissafin Orikasa biyu, ta bana da ta bara. Na ce ban ce kamfanin zai faɗi ba, ban sani ba, amma waɗannan lambobi su suka wallafa da hannunsu, kuma ba zan buga hatimi a takardar kowane yaro ba sai shi da iyayensa sun gan su, an yi musu bayani da harshen da za su gane. Shugaban makaranta ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya yarda.

Na zauna da Kanna da uwarta. Uwar ta saurara har ƙarshe, hannayenta duk tabon wuƙa, ta ce, "Wato kamar mai kifin da ya rabar da kaya bashi, yana ta murna, firij kuma cike da na jiya?" Na ce haka ne. Ta juya ga 'yarta ta ce, "To ke mai baki, zaɓi." Kanna ta zaɓi ofishin ƙungiyar masunta. Albashin ya gaza na Orikasa da yen dubu ashirin da biyar a wata. Sun ɗauke ta.

Maganar ta kai kunnen kamfanin. Sun janye gurabensu biyu, sun ba wata makaranta. Malam Oshikawa yana amsa gaisuwata da kai kawai. Tuffar da na ajiye masa a tebur tana nan inda na sa ta.

Jiya jarida ta fito da hoton shugaban Orikasa yana yanka ƙyalle, za su gina sabuwar masana'anta. Da na gani na ce shi ke nan, na cuci yarinya a banza. Na yi niyyar ɓoye shafin, in kawo wani labari. Ina shiga aji na tarar Kanna ta riga ta yanko shi ta manna a allo. Ta ja layi a ƙarƙashin wata jimla can ƙasa, inda aka ce banki ne zai ba da kuɗin ginin duka. Ta ce, "Malama, yau mu za mu yi tambayar, ke ki zauna." Na zauna a kujerar baya. Hannu bakwai na ƙirga a sama.

Har yanzu ban san ko na yi daidai ba, kuma watakila sai bayan shekaru zan sani. Kowace safiya da fargaba nake buɗe jarida, ban ma san labarin da nake fatan gani ba, domin akwai yaranmu arba'in da huɗu a can. Amma na gani, na faɗa.

Yaran nan huɗu na masaƙa, kana tuna sunayensu? In na zo hutun sabuwar shekara, ka gaya mini su a baranda, ba a takarda ba.

Ka sa rigar sanyi in za ka fita da sassafe.

'Yarka,
Tokiko