Baba Na Jiran In Tsaya Bayansa A Asham, Ni Kuwa Haddata Ta Zube

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, Daura ba ta da girman da mutum zai ɓuya a cikinta. Kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Mahaifina alaramma ne, shi ke limancin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. A hannunsa na haddace Alƙur'ani ina ɗan shekara goma sha huɗu. Da na samu gurbin karatu a wata ƙasa ta Turai, har tashar motar Kano ya raka ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Izu biyu kullum. Ko abinci ka bari, kada ka bar wannan." Na ce, "Haba Baba, ni ɗin?" Wallahi har dariya na yi.

Shekarar farko na riƙe. Daga nan sai rayuwa ta fara ja na: da safe aji, da yamma gidan abinci inda nake suyar kaji a tsaye har ƙafa ta kumbura, lokacin sanyi rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu, babu kiran salla, babu mai tambayarka ko ka yi tilawa. Amma kada in ɗora wa aiki laifin duka, gaskiya ita ce daɗi na ji. A gida ko ƙwallo na tsaya kallo sai wani ya ce, "Alaramma ƙarami, har da kai?" A can kuwa ba wanda ya san ɗan wane ne ni. Na hau jirgin ƙasa na je ganin teku, na koyi yarensu, na yi abokai, na ƙyalƙyale da dariya a tsakiyar titi ba wanda ya waiwayo. Izu biyu ya koma ɗaya, ɗaya ya koma "gobe zan rama", haka har shekara biyar.

Duk Juma'a bayan la'asar Baba yake kirana. Mu gaisa, sai ya ambaci wuri ya ce, "To, ja mu ji." Ranar da na fara kakarewa sai na ce layi ba kyau, na kashe wayar, na buɗe wurin a kwamfuta, na sake kiransa na karanta sumul. Tun daga ranar sai na riƙa buɗewa ina karanta masa, har sai da na nemo manhaja mai ruwayar Warshu, don ita yake karantawa. Kun ga irin himmar da na ba ƙarya? Da karatun na ba wa ita ai da ban rubuto muku ba. In na gama ya ce, "Madalla, ƙirjin nan yana nan," in ji muryar Inna daga gefe tana sa min albarka.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, amma ido ya tafi, haddarsa ma ta fara yi masa gardama. Sai abin ya juye, shi ke kirana: "Na zo wuri kaza na ɓace, ɗora ni." Ni kuma in rubuta kalmomin in nemo, shi yana can shiru yana jira, a zatonsa tunowa nake. In na karanta masa ya ce, "Alhamdu lillahi da na yi ajiya a wurinka." Wace ajiya? Ni da na bar ta ta zube ban ko waiwaya ba?

Watan jiya dattawan masallaci suka same shi cikin girmamawa, suka ce ya huta, bana a ba wani matashi jan sallar asham. Inna ta ce kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A na uku ya aika aka kira su, ya roƙi shekara ɗaya tak, ya ce ɗansa ya gama karatu zai iso kafin azumi, ɗan ne zai tsaya a bayansa in yana jan sallar. Suka amince, don duk a gabansu na yi sauka. Ya kira ni cike da murna. Ya ce, "In na kakare kai za ka ɗora ni. Ba na so in ji muryar kowa tana min gyara sai taka." Na buɗe baki in faɗi gaskiya, abin da ya fito shi ne, "In sha Allahu, Baba."

Ranar na rufe waya da kwamfuta na gwada kaina. Na ɗauko Baƙara, ban yi nisa ba na tsinci kaina a cikin Ali Imrana, ban ma san inda na tsallaka ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun zuwana ƙasar nan. Tun daga lokacin na ajiye aikin suyar, karatu nake kamar zan haukace, amma izu huɗu kawai suka zauna, saura sati bakwai a ga wata.

In na gaya masa, ina tsoron jininsa, kuma ba zubewar haddar ce za ta fi yi masa ciwo ba, Juma'o'in shekara biyar ne. In na ɗaga tafiyar da wata ƙaryar, muryar wani za ta yi masa gyara. Na san za ku ce in riƙe Alƙur'ani a bayansa, ai nafila ce, ya halatta. Haka ne, kuma shi ba zai gani ba. Amma duk sahu zai gani, kuma na san mutanen unguwarmu, don tausayinsa ba mai cewa uffan. A idar da salla, tsoho makaho ya fito ƙofar masallaci yana cewa, "Kun ji ɗana?" su kuma suna amsa masa da "Ma sha Allahu", kowa ya sani sai shi.

Jiya Inna ta turo min hoto. Baba ya sa an ɗinka mana farar shadda iri ɗaya, ya kuma ce wa ladan ya matsa gefe bana, wurin da ke daidai bayansa nawa ne.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?