Wadda Ta Wanke Kayan Hafsatu

Assalamu alaikum Yaya Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Bauchi sai godiya.

Kin ji fyaɗen da ɗan mai gidan haya ya yi wa Hafsatu, 'yar ɗan'uwanmu marigayi, a ɗakinta na ɗalibai a Yelwa. Ga abin da ban faɗa miki a waya ba. Kafin in isa, uwarsa ta dafa ruwa ta sa ta wanka, ta kwashe rigarta da zanen gado ta wanke tas. Har godiya na yi mata, Yaya! Sai a asibiti likita ta ce kayan nan su ne babbar shaida. Matar da ko gaisuwar Hafsatu ba ta amsawa, ranar ce tausayi ya kama ta?

Jiya ta turo dattawa, wai a yi sulhu a rufa asiri. Lauyarmu ta ce wannan laifi ne da hukuma ke gurfanarwa a kotu, ba rigimar maƙwabta ba ce da za a kashe a zaure. Kuma Kawu Sale ne ya rako su. Yaushe ya san su?

Hafsatu ta ce ba za ta janye ba, ni ma ina bayanta. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. In Kawu ya kira ki, ki tambaye shi asirin wa ake so a rufa.

Ƙanwarki,
Ladi