Gola Ɗaya, Malamai Biyu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An sake lallasa mu. Biyar da ɗaya. 'Yata Afnan ta sauko daga filin ƙanƙara ko hular ƙarfen ba ta cire ba sai da muka shiga mota. Shekararta sha huɗu, ita ke tsare wa ƙungiyar hokin ƙanƙara ta 'yan mata raga, kuma bara har iyayen wasu ke tare ni a hanya su gaishe ni saboda ita. Bana kuwa kowa sai ya kawar da kai.

Tun daga filin har gida ina yi mata bayanin ƙwallayen nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallo nake cewa don sabo, amma wata 'yar baƙar roba ce kamar murfin gwangwani, ana ɗirka ta da sanda. Matata Sa'adiya ta ce, "Baban Afnan, ka bar yarinya ta haɗiyi yawu mana." Na ce in ban faɗa mata ba wa zai faɗa? Ni fa na yi shekara da shekaru ina tsare raga a filin unguwarmu a Kano. Har gobe in na bar ƙasar Turawan nan na je gida Garzali Gola ake kirana.

Lahadi, 12 ga Janairu

Atisaye a gareji, kamar kowace Lahadi.

Koci Eric, wanda ƙungiya ta ɗauka musamman don masu tsaron raga, abu ɗaya ya sani: durƙuso. Da an ɗaga sanda, wai ta zube kan gwiwa ta baje ƙafafu. Haba! Gola ya durƙusa wa ɗan wasa? Tun farkon kakar bana nake gyara mata. Tsaya kan ƙafarki, fito ki tare shi, ki sa masa tsoro. Na ce kada ta gaya wa Eric, kada ya ɗauka raini ne.

Yau ta kama guda da yawa. Ta yi dariya har sau biyu.

Laraba, 22 ga Janairu

Gregory ya kira ni ina kan hanyar kai kaya garin Summerfield. Mutumin Jos ne, shi ne shugaban kwamitin iyaye, shi ya jawo ni ciki ma. Ya ce kwantiragin Eric zai ƙare da ƙarewar kakar nan, za a zauna a duba ko a sabunta ko a sallame shi. Bara Afnan na tare tara cikin goma, bana da kyar take kai takwas, kuma iyayen nan na unguwar Irving Park sun fara guna-guni. Wai duk kwamitin ni kaɗai na taɓa tsayawa a raga, don haka in kalli bidiyon wasannin in zo musu da ra'ayi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kaina ya kumbura. Na ce masa ai dama na daɗe ina ganin matsalar.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na zauna bayan azahar na kalli bidiyon. Da ma ban kalla ba.

Na fara da na bara. Yarinyar nan kamar an rufe ƙofa: da an buga ta zube, ƙafafu a baje, robar ta doki kayan kariyarta ta koma. Ba tunani, ba waige. Bara ina aikin ƙarshen mako, wasa biyu ko uku kawai na gani.

Sai na bana. Ko wane ci iri ɗaya ne. Ta fara durƙusawa, ta fasa, ta fara miƙewa, robar ta bi ta tsakanin ƙafafunta ta shige. Ba ta tsaye, ba ta durƙushe. Na mayar baya na sake kallo a hankali, sai na ga kafin kowane ci tana ɗan juya kai hagu. Na ce me take kallo ne haka? A gefen hagu, bayan gilashin da ya kewaye filin, ga wani mutum da jar hula yana bubbuga gilashin da hannu biyu, baki a buɗe.

Hular tawa ce, tana rataye a bayan ƙofa yanzu haka. Innalillahi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ba mu yi atisaye ba. Na ce mata bayana ke ciwo.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na kai ta horo na tsaya daga nesa. Ban taɓa kallon Eric da kyau ba sai yau. Gwiwarsa ɗaya ba ta da lafiya, ana gani in zai tashi, amma ya zube kan ƙanƙarar nan ya fi a ƙirga yana nuna mata. Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Da rana yana wasa bakin ƙarfen takalman ƙanƙara a wani shago, matarsa kuma ta kusa haihuwa, wata uwa ce ta gaya min ba tare da na tambaya ba.

Da zai wuce ya miƙo min hannu ya ce, "Kada ka damu, za ta dawo daidai." Na ce Allah ya sa, ina kallon takalmansa.

A gida na gaya wa Sa'adiya abin da na gani a bidiyon. Ba ta yi mamaki ba, wannan ma ya fi ƙona min rai. Ta ce, "To ka je ka faɗa musu. Bakinka ya jawo, bakinka zai gyara." Na ce ita me ta sani a harkar raga? Ta ce, "Daidai da abin da ka sani a harkar ƙanƙara." Na tashi na bar mata tuwon.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wallahi da niyyar faɗa na tafi. A mota har na tsara maganar, na maimaita ta.

Da aka zauna sai Gregory ya miƙe ya gabatar da ni: tsohon ƙwararren gola daga Najeriya. Ƙwararre! Ni da ko takalmi sai aro muke yi. Suka tafa. Wata mata ta ce sun yi sa'ar samuna. Daga nan maganar da na tsara ta maƙale.

Wani ya tambaya kai tsaye, ko laifin koyarwa ne? Na ce eh to, yarinyar a rikice take, ana gaya mata abin da bai dace da wasan ba. Ban yi ƙarya ba. Ban dai faɗi mai gaya matan ba. Suka gyaɗa kai, aka ce a ɗaga hannu, aka sallami Eric. Zai ƙarasa kakar, shi ke nan.

Ni ban ɗaga hannu ba, na bar shi a aljihu. Sai ka ce hakan wani abu ne.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na je masallaci. Ko kalma ɗaya ta huɗubar ba zan iya maimaitawa ba. Kunya nake ji, kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na haɗu da shi a wajen ajiye motoci yana loda sanduna a but. Na so in zille, ya riga ya gan ni. An gaya masa jiya.

Na fara kame-kame, wai kwamiti ne, wai ba ra'ayin kowa ba ne. Ya ce ba komai. Sai ya ce, "Kana da hannu mai kyau, Mista Garzali. Yadda take cafke na sama yanzu, naka ne. Na ƙasa ne ya lalace."

Na ce, ka sani?

Ya ce tun Oktoba. Mai tsaron raga ba ya fara fitowa haka kawai, sai an koya masa. Ya tambaye ta, ta faɗa masa, ta kuma roƙe shi kada ya yi min magana, kada ya gaya wa kowa. Wai ranar Lahadi ce kaɗai take ganin babanta yana murna.

Na ce to me ya hana ka kare kanka a gaban kwamiti? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi wa yarinya alkawari. Kuma ya ɗauka in na ga bidiyon zan faɗa da kaina.

Ya rufe but ɗin ya ce in gaishe da gida. Na tsaya a wurin har sanyi ya kama yatsuna.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na kira Gregory na zayyane masa komai, gareji, gilashi, duka. Ya ce, "Malam Garzali, ka kashe ni. Da ka faɗi wannan ranar Alhamis!" An riga an ba wani aikin, ya sa hannu. Zai gaya wa kwamiti gaskiyar magana don kada sunan Eric ya ɓaci, amma aikin gama ya gama. Na ce a cire ni daga kwamitin. Bai ce a'a ba.

Sa'adiya tana jin duk abin da na faɗa daga kicin. Ta zo ta ajiye min shayi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wasan ƙarshe. Na hau can sama, layin baya, inda ba ta iya hango ni. An ci ta uku. Ta tare da yawa, ina jin, ban ƙirga ba. Da aka tashi 'yan matan suka kewaye Eric, wasu na kuka. Afnan ce ta ƙarshen sakin hannunsa. Ban sauka ba.

A mota na kunna hita don ɗumi na kama hanya. Har muka wuce fitilun kan hanya uku ban ce komai ba. Ba wai na yanke wata shawara ba ne, babu dai abin faɗa.

Ta cire hular ƙarfen ta ce, "Baba, ba za ka gaya min inda na yi kuskure ba?"

Na ce, "Ban san wasan nan ba, Afnan."

Ta kalli titi. Sannan ta ce da Hausarta mai tsami, "Na sani, Baba. Shi ma ya sani. Amma shi aka kora."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu har gida.