Turaren Wuta a Cikin Ogan

Zuwa ga Kawu Usuman,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan. Mu nan Jidda alhamdu lillahi, Mastura na gaishe ka, Sajida kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunta.

Kawu, kai ka koya mini kafinta, shi ya sa na ga kai ya kamata in kai wa takaicina. Bara kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sayo wani tsohon kayan kiɗa daga wani cocin Turai da aka rufe, ogan suke kiransa, don ya ƙawata majalisinsa, wato falon baƙinsa. Bututai ne ɗaruruwa, wasu na katako, wasu na dalma da kuza, wani ya fi ni tsawo, wani bai kai yatsa ba. A ƙasa akwai zugazugi irin na maƙera, shi ke hura musu iska idan an danna madannai. A wargaje ya iso shagonmu na Madinar Masana'antu, gara ta ci gindinsa, fatar zugazugin ta ruɓe. Na sake ta da fatar tumaki mai laushi, na bi bututan ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya sami muryarsa. Ranar da ya fara kuka, sai da na danna kowane madanni na saurara. Ban taɓa yin aikin da na so kamarsa ba.

Muna kai shi gida, Mazen ɗan kafilin ya ce abin yana warin tsufa, ba za a tari baƙi da shi haka ba. Ka san gidajen nan, ko labule sai an turara. Na roƙe shi ya bar kasko nesa. Ina juya baya ya sa aka ajiye kaskon turaren wuta a bakin zugazugin, wai hayaƙi ya riƙa fitowa ta bututan. Garwashi ya cinye fatar, danƙon turaren ya toshe ƙananan bututan, wasu na dalmar suka lanƙwashe.

Na ce a ba ni lokaci in gyara. Kafili ya ce halas, wato shi ke nan, a kwashe kayan cikin, a sa lasifika da kasko. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, na hannunsa, kuma ƙwai ba ya ja da dutse. Da hannuna na kwashe su, Kawu.

Yanzu yana tsaye a majalisi, kiɗa daga wayar Mazen, hayaƙi daga bututai, baƙi na ɗaukar hoto. Kafili yana nuna ni yana cewa ga gwanin da ya gyara. Idan hoton ya iso gare ku, don Allah kada ka ce wa kowa ɗalibinka ne ya yi.

A gaishe da Inna Khadijatu da Sadiyya da yara.

Naka ɗa,
Abduljalil