An Soke Hukuncin Habibu

'Yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya maigidanki da yara? Mu nan Jidda lafiya lau.

Share hawayenki, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ɗaurin da aka yi wa ɗanki Habibu kan satar jaka. Da Larabcin ajin yamman da na shiga da furfurata na karanta takardar hukuncin farko. Ashe yaron cewa ya yi, "Na ɗauka tawa ce," tafinta ya rubuta wai ya amsa ya ɗauka. Maƙwabta suka ce, "Alhaji, baƙo mai iƙama, takardar izinin zama kawai, ba ya ja da alƙali." Na ce ko za a kore ni, sai an gyara kalmar nan, na ɗaukaka ƙara. Halas, magana ta ƙare, jikana yana gida!

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa, har waɗanda suka kira shi ɓarawo.

Mahaifinki,
Sule