Lafiyayyar Ƙafa Ke Fara Hawa

Zuwa ga sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan randata bayan doguwar tafiya, gurguna da na miƙar da hannuna,

Saƙonka ya same ni a ɗakin gashin ƙashi, ina riƙe da ƙugun wata tsohuwa tsakanin ƙarafan koyon tafiya. Sau uku na karanta, na yi dariya har malamata ta harare ni. Wai in ajiye wata shidan da ya rage min na horon asibiti, don yayanka ya ce ba za a kawo musu mai tausa gida ba, mai taɓa jikin maza. Mai tausa! Kai kuma, hasken raina, a gabanka aka faɗa, ka yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Yayanka da hawan bene ɗaya ke sa shi haki, shi ne zai auna min karatu? Shekara biyar ina haddar tsoka da jijiya ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya kan gawa a ɗakin fiɗa har warin magani ya bi ni cikin abinci, na ci jarrabawar da ta kori rabin ajinmu. Digirin dakta nake nema, shi ko sunan kwas ɗin bai iya faɗa ba sai ya ciji harshe. Shi dai iyakar ganinsa ke nan. Kai fa?

Ka manta ranar da aka turo ka a keken marasa lafiya, babur ya watsar da kai, gwiwa ta ƙage kamar busasshen reshe? Wace ce ta riƙa ɗora mata ma'auni kullum, tana lanƙwasawa kana kiran mahaifiyarka? Wace ce ta tsaya bayanka a matakala riƙe da ɗamarar ƙugunka? Sau nawa na ce maka lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka, kai kuwa ka jefa mai ciwon gaba ka faɗo jikina? A mataki na huɗu ka ce kana sona, gumi na ɗiga daga haɓarka. Ran nan ba ka yi ƙorafin hannuna ya taɓa namiji ba. Ashe har yau halin na nan, an zo wurin hawa ka sa raunanniyar ƙafarka gaba.

Wayyo ni, abin haushin ina sonka! Ina kewarka yadda shuka ke kewar ruwa. Sai in ji taku a baranda, in zaci ɗan ɗingishin nan naka ne da ni kaɗai ke ganewa, in waiga in ga mai shara. Na raina tsoronka, na raina shirunka, amma zuciyar banza ta ƙi jin magana.

To ka ji, ko yini ɗaya ba zan ajiye ba. Tsohuwar nan ta yi taku bakwai yau, gobe ma ni take jira. Ranar Litinin da hantsi zan yi jarrabawar gwaji a kan majinyaci, a sama, ta matakalar da ka sani. Idan ka faɗa wa yayanka abin da ya kamata, ka hau ka same ni. Idan ka kasa, ka tsaya a ƙasa, ni ba zan sauko ba.

Ko ka hau ko ba ka hau ba, ba zan so wani bayanka ba har numfashina ya ƙare.

Taka har abada,
Mai tausar da ta koya maka tafiya.

Af, matakan goma sha takwas ne. Ka fara da lafiyayyar.