Numfashin Umma Da Agogon Aljihu

Kwana na tara da kulle

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Allah ya raba ku da abin da kuke taɓawa. Kin san waya ba ta yi da ni, kunnen ya tsufa, kuma zancena ya fi ƙarfin kati. Maƙwabcinmu direban motar wankin asibitinku ya ce zai riƙa kai miki takarda, shi ya sa na koma alƙalami.

Tun kafin a rufe gari na ji wani zance a bakin mai kanti, wai duk wanda motar asibiti ta ɗauka da wannan cuta ya tafi kenan, ko gawarsa ba a dawo wa dangi da ita. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce wai wani ne ya ji a wurin wani. Na ce to, zancen da ya hau "wai" biyu ba ya kai ni ko bakin titi, balle ni da 'yata ke aiki a wurin. Na sayi sabuluna na dawo. Kuskurena ɗaya, na kawo labarin gida don a yi dariya. Ummanki ba ta yi dariya ba. Kwana huɗu bayan haka aka ɗauki ƙawarta ta bayan layi, ba ta dawo ba.

Shagona na gyaran agogo yana rufe. Na kwaso agogunan mutane goma sha ɗaya na jera a falo, in ƙarfe sha biyu ta yi sai ka ce ana rabon gado. Titi shiru, har kukan tattabarun saman bene nake ji, ni da ba na jin sallama.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yau kwana uku Ummanki tana tari da zazzaɓi. Jiya na dafa mata shayi, na manta na zuba sukari sau biyu, ta shanye ba ta ce uffan ba. Matar da shekara arba'in da ɗaya take gane gishirin da ya wuce da ƙwaya uku!

Ta sa na ɗora hannu a kanta na yi alkawari ba zan miƙa ta ga motar nan ba. Na yi. Ta kuma ce kada ki ji, wannan kam ban amsa ba, na yi kamar kunnen ne. Ki faɗa mini abin yi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Kwana na goma

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Umma. A tsaye nake rubutun nan, minti goma aka ba ni.

Ga maganin zazzaɓi da takunkumi a cikin ledar. Ka sa takunkumin duk lokacin da za ka shiga ɗakinta, a hanci da baki, ba a haɓa ba kamar yadda ka saba. Ka buɗe taga. Ka koma kwana a falo. Ta sha ruwa sosai ko ba ta so.

Gadajenmu sun cika, ba a karɓar kowa sai wanda numfashi ya fara gagara. Saboda haka ga aikinka, kuma ba wanda ya fi ka iya shi: ka ƙirga numfashinta na minti ɗaya cif, safe da rana da yamma, ka rubuta. Shiga da fita ɗaya ne. In yana wajen ashirin, ku zauna a gida. In ya kai talatin, ko ka ga leɓenta ya canja launi, ka kira lambar da na rubuta a bayan takardar nan, ka ce mahaifiyar ma'aikaciyarsu ce. Kada ka jira ni, kada ka jira gobe.

Maganar alkawari, Baba, da kai aka yi, ban da ni.

Ka kula da kanka.
Autarka

*

Kwana na goma sha biyu

Auta,

Bayan gaisuwa, ga rahoton ma'aikacinki. Na ciro agogon aljihun nan na azurfa wanda ko ke ban taɓa bari kin taɓa ba. Nakan jawo kujera bakin gado, in gyara takunkumi, in ce, "To Hajiya, bismilla, na fara." Ita kuma ta kwanta ɗiff tana kallon silin kamar mai ɗaukar hoton fasfo.

Shekaranjiya da yamma ashirin. Jiya ashirin, ashirin, ashirin. Yau da safe ashirin. Kin ga ko a shago ban taɓa samun agogo mai tsare lokaci haka ba.

Zazzaɓin yana sauka yana hawa. Ba ta cin abin kirki, amma ba na ganin laifinta, ni nake girkin. Shinkafata ta farko ta fito kashi biyu, ta sama ba ta nuna ba, ta ƙasa ta wuce nuna. Maƙwabciyarmu, matar saman bene, ta ji ƙauri ta leƙo ta taga, ta ce, "Baba Mai Agogo, gobara ce ko abincin rana?" Tun ranar take sauko mana da miya a bokiti da igiya, in juye in wanke in mayar. Na saka mata da gyaran agogon mijinta, shi ma a bokitin ya sauko, a bokitin ya koma.

Kada ki damu da mu. Ki ci abinci.
Babanki

*

Kwana na goma sha uku

Baba,

Alhamdu lillahi, na ji sanyi a raina. Ashirin lafiya lau ne. Na nuna wa babbarmu ta wurin aiki takardar, ta ce da ma duk masu jinya irinka ne. Ku ci gaba a haka. A gaida matar bene, Allah ya biya ta.

Autarka

*

Kwana na goma sha huɗu

Auta,

Ina gaishe ki. Kafin takardar nan ta iso hannunki Ummanki ta riga ta iso, na sani. Amma ina so ki ji yadda aka yi daga bakina, don kada ki ɗora wa kanki laifi. Ni aka yi wa wayo, kuma ni na buɗe ƙofar.

Yabon babbarku ne ya tsaya mini a wuya. Na zauna ina duba takardar, ashirin, ashirin, ashirin, sai na tuna wani irin ciniki da na sha gani. Mutum zai zo sayar mini da tsohon agogo, ya ce duba, daidai yake da na bangonka. In duba, daidai ɗin ne, har daƙiƙa. To a bakin ƙofa ya saita shi da hannu. Agogo mai ciwo ba ya ba da lokaci ɗaya kullum, yau ya yi gaba gobe ya yi baya. Mace tana zazzaɓi yana hawa yana sauka, ta ƙi abinci, ba ta kaiwa bayan gida sai ta dafa bango, amma numfashi ko gezau? Na ce a raina, tsoho, an saita maka agogo a bakin ƙofa.

Kuma ni da bakina nake cewa "na fara". Ta ji adadin numfashin da kika faɗa, don na karanta mata takardarki da ƙarfi kamar mai shela. Minti ɗaya ne kawai. Macen da ta haifi shida ba ta yi kuka ba, saita numfashi na minti ɗaya ba zai gagare ta ba.

Da aka yi azahar na ɗauko babban agogon bango na wani lauya, mai gilashi kamar faranti, na kai ɗakinta na ce hasken tagarta ya fi. Na jingina shi a tebur, na ba ta baya, na maƙala tabaron gyara a goshi, na riƙe hantsaki kamar ina aiki. A cikin gilashin ina ganin bargon yana tashi yana sauka, hannun daƙiƙa kuma yana gabana. Talatin da uku. Na ce ƙila idona ne. Na jira minti biyar na sake. Talatin da huɗu.

Na fita tsakar gida da wayar, na kira lambar, ban ma ji abin da suke cewa ba, na dai yi ta maimaita sunan layi da lambar gida har matar bene ta leƙo ta ce, "Baba, sun ji, duk unguwa ma ta ji."

Da ma'aikatan asibiti suka shigo da fararen kayansu ba ta yi gardama ba, ba ta da iskar yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Da hannunka a kaina." Na ce, "Da shi." Na bi su da takalmanta har bakin mota, suka ce ba a bi. Mai kanti yana tsaye a ƙofarsa yana girgiza kai, Allah ya taimake shi akwai dokar tazara.

Sun sa mini tsinken gwaji a hanci kafin su tafi, sun ce in zauna a gida. Ina zan je?

Ki rubuto mini gaskiya, ko wace iri ce. Kada ki saita mini ita.
Babanki

*

Kwana na goma sha bakwai

Baba,

Ka yi haƙuri da shirun kwana uku, ban so in rubuta abin da ban tabbatar ba.

Ranar da aka kawo ta, iskar jininta ta yi ƙasa sosai. Likita ya ce da an ƙara yini ɗaya da wani zancen ake. Kwana biyu tana kan oksijin mai ƙarfi, jiya aka rage, yau ta zauna ta sha shayi ta ce ba sukari. Baba, na shiga ɗakin ajiye kaya na yi kuka, ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin wannan ba.

Sakamakonka ya fito, ba ka da cutar. Ban san yadda aka yi ba, ƙila ƙaurin shinkafar ne ya kore ta.

Na faɗa wa babbarmu labarin gilashin agogo. Yanzu duk wanda muka ba aikin ƙirga a gida sai mun ce masa kada ya bari mara lafiya ya san ana ƙirgawa. Ni ya kamata in faɗa maka haka tun farko, mun koya a makaranta, gajiya ta sa na manta.

Amma fa Umma ba ta huce ba. In na ambace ka sai ta juya wa bango fuska. Ta ce in rubuta maka saƙo, ga shi a ƙasa yadda ta faɗa, ban gyara ko kalma ba.

Autarka

Ki ce wa ubanki ina gaishe shi, don gaisuwa ba ta faɗuwa. Ki ce masa na ji an ce ya yi dabara, har ana yabonsa a asibiti. To madalla, shekara arba'in da ɗaya ban san da ɗan leƙen asiri nake zaune ba. Ki ce masa maganar alkawari tana nan, ban yafe ba ban kuma ƙi yafewa ba, sai na ga idonsa. Ya shayar da shukokina na bayan taga, da safe ba da rana ba. Ya daina wanke baƙar tukunyar nan da sabulu. Ya mayar wa matar mutane bokitinta da wani abu a ciki, ba a mayar da kwano haka nan. Kuma ki tambaye shi, shi wa yake ƙirga masa nasa numfashin? Ya sa rigar sanyi.

*

Kwana na ashirin da biyar

Auta,

Gaisuwa da godiya. Takardarki ta jiya mai cewa yau za a sallame ta ba ta same ni da labari sabo ba, don direban ya faɗa mini tun kafin ya miƙo ta. Kafin in gama karantawa matar bene ta kwaɗo mini ta taga. Yayanki ya bugo waya daga inda kulle ya tsare shi, ya yi ta ihu har na ji rabi. Da hantsi sai ga mai kanti da kansa, ya tsaya nesa da taku uku, ya ce shi fa tun farko ya san za ta dawo. Na ce haka ne, kai ka fara faɗa.

Na share ɗaki sau biyu. Na yi aski da almakashin ɗinkinta, kada ki gaya mata. Na sa rigar sanyi a wannan zafi don a gan ta a jikina.

Ƙarfe huɗu saura minti bakwai motar ta tsaya. Mutanen layi duk suna tagoginsu, wani ya fara tafi, saura suka ɗauka, har da masu buga murfin tukunya. Ta sauko da ƙafarta, ta ƙi a riƙe ta. Ta rame, Auta, zanen ya zagaye ta har ya yi saura. Ta tako a hankali, tana hutawa, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni, duk jawabin da na kwana uku ina shiryawa ya gudu.

Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta daɗe a kan askin. Sannan ta ce, "To, Mai Agogo, in ba ka ji ba, an sallame ni. Matsa in wuce, ka tare hanya."

Mutum biyar suka ba ni labarin nan yau, da ke shida. Ta ƙarshe da ta faɗa mini ita ce Ummanki.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.
Babanki